Muryar uwar wani ba kayan tsintuwa ba ce

Akwai wasu yara biyu a unguwarmu, nan Nima ta Accra, da suka haɗa kai suna waƙar gambara tun suna sakandare. Kwanan baya suka gayyato wani mawaƙi daga unguwar Madina suka saki waƙa tare, kuma tsakani da Allah ta yi daɗi. Sai dai abin da ya ɗauki waƙar wata murya ce ta tsohuwa da ke shigowa a amshi, tana zagayowa, da sautin ƙwarya can ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya haura arba'in a Zango ya san muryar, domin mai ita ta yi zamaninta tana waƙa a gidajen biki da suna kafin Allah Ya karɓi abarsa.

'Yarta tana nan da rai, koko da ƙosai take sayarwa. Daga lasifikar wani mai gyaran waya ta jiyo muryar mahaifiyarta. Ta bar wa yarinyarta tukunya, ta sa aka nuna mata gidan ɗaya daga cikin yaran.

"Ɗana, wa ya ba ku muryar uwata?"

"Mma, ai karrama ta muka yi. Yanzu duniya duk za ta ji ta."

"To ina sunanta?"

Babu sunanta. Babu a cikin waƙar, babu a rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon, inda aka jera har sunan wanda ya ba da aron mota.

Yaran ba su ba ni haushi kamar yadda bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu, ya ba ni ba. Da aka kawo zancen wajen shan ataya, mafi yawan mutane bayan yaran suka bi. Wai matar ta hango kuɗi ne. Wai haka ake hip hop a ko'ina. Wai da ba don su ba, wa zai tuna da tsohuwar?

Ni ga inda na tsaya. Yanko sautin wani a gina sabuwar waƙa a kansa sana'a ce, kuma ba na cikin masu kiranta ƙyuya. Amma sai da sallama. A nemi mai abu kafin a saki waƙa, a faɗi sunansa, a rubuta abin da aka daidaita a kai, in ya ce a'a a haƙura. Wanda ya tsallake wannan ya ci haƙƙi, ko Drake ne ko yaron Mamobi mai kwamfutar aro.

Me ake yankowa, kuma na wane ne?

Na san ɗakin furodusan da ya haɗa musu kiɗan. Ɗaki ne ɗaya a bayan gida, an manna kwalayen ƙwai a bango don su shanye amo. Kaset ɗin a akwatin kakarsa ya samo shi. Ya kunna a tsohuwar rediyo, ya kanga waya ya naɗa, ya tura kwamfuta, ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Ya yanke daidai inda tsohuwar ta ja murya, daƙiƙa huɗu ko biyar, ya ɗan rage mata sauri har ta yi kauri, ya sa tana maimaituwa, ya zuba mata ganguna a ƙarƙashi. Aikin ba ya cin lokaci, kunne yake ci. Cikin kaset na minti sittin, gane wace daƙiƙa huɗu ce za ta riƙe waƙa, nan gwanintar take, kuma yaron yana da ita.

A doka kuwa abu biyu ya taɓa. Akwai waƙar kanta, wato baiti da karin da aka rera shi, wannan na wanda ya ƙirƙira ne. Akwai kuma naɗaɗɗen sautin, wanda galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne, kamfani ko furodusa. Wanda ya yanko daga kaset ya taɓa duka biyun. Wanda ya sa wata ta sake rera karin da muryarta ya kauce wa na biyu, amma na farko yana wuyansa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, Act 690, ta kare mai waƙa tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa, kuma ba sai ya yi rajista ba kafin kariyar ta hau. Ke nan mai koko ba bara ta je ba, gadonta ta bi.

"Ai karramawa ce"

Masu wannan magana suna ji kamar hip hop ne ya kawo mana gina sabo a kan na wani. Mun daɗe muna yi, kuma mun fi su tsari.

Duk wanda ya zauna zauren malam a Zango ya san Ishiriniya. Asalinta ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, ƙwar biyu-biyu. Daga baya Ibn Muhib ya yi mata tahamisi, kowane baiti ya ɗora masa ɗango uku a gaba, ya bar biyun asali a ƙarshe, suka zama ƙwar biyar. Ita muke rerawa daren Maulidi. Gina sabo a kan na wani ke nan tsantsarsa, har ma wanda ya ƙara ya fi mai asali yawan ɗango. Amma ga shi ɗaruruwan shekaru sun shuɗe, ɗalibi zai sa yatsa ya nuna maka inda maganar wannan ta tsaya da inda ta wancan ta fara. Babu wanda ya haɗiye sunan wani.

Makaɗanmu na baka ma haka suke. Ana tsakar waƙa sai ka ji mawaƙi ya kira sunan mai kalangunsa, ya kira na 'yan amshi, ya tuna wanda ya koya masa. Ita kanta tsohuwar da ake magana a kai ba ta tashi daga gidan biki ba ta ambaci matan da ke kaɗa mata ƙwarya ba.

Hiplife, gambarar Ghana da muke taƙama da ita, daga cikin tsohon kiɗanmu na highlife ta fito. Reggie Rockstone ya ɗora baiti a kan kiɗan Alhaji K. Frimpong, kowa ya sani, ba a ɓoye ba. 'Yan ƙungiyar VIP da suka tashi daga nan Nima har suka zama gwarazan mawaƙan shekara a 2004, jitar highlife ce a ƙarƙashin waƙar da ta ɗaga su. Ba wanda ke cewa a daina. Amma karramawar da ba ta ambaci sunan wanda ake karramawa ba, wa ta karrama? Yaron Kumasi da ke jin waƙar nan a manhajar Audiomack bai san akwai wata mata da ta taɓa rayuwa ba. Yana tsammanin furodusa ne ya samo wata 'yar amshi mai tsohuwar murya.

"Daƙiƙa huɗu ce fa kawai"

A watan Yunin 2022 Drake ya fitar da kundinsa Honestly, Nevermind. A cikin waƙar Calling My Name sai 'yan Ghana suka ji muryar da suka sani, wasu 'yan kalmomi da aka yanko daga Oye Ohene ta Obrafour, wadda aka sake haɗawa a 2003. Daƙiƙu kaɗan ne. A Afrilun 2023 Obrafour ya shigar da ƙara a kotun tarayya a New York yana neman dala miliyan 10. A cikin ƙarar ya ce an aiko masa da imel ana neman izini 'yan kwanaki kafin fitar kundin, bai kai ga ba da amsa ba aka saki waƙar.

Ranar da wannan labari ya iso bes ɗinmu, ban ji wanda ya tambayi daƙiƙa nawa ce ba. Kowa cewa yake a tatse shi, ai ya raina mu. Mutanen nan su ne yau suke lissafa wa mai koko daƙiƙa.

A lura kuma da batun imel ɗin. Aika saƙo daban, samun izini daban. Mun ce shiru ma magana ce, amma ba a ɗaukar shirun mutum a ce ya sayar.

Su kansu kotunan Amurka ba su haɗu a kan ƙanƙantar yanka ba. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta duba daƙiƙa biyu ta jita da aka yanko daga ƙungiyar Funkadelic, ta ce ko ka nemi lasisi ko ka bar sautin mutane. A 2016 wata kotun, a shari'ar Madonna, ta ce busar ƙaho da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, wadda mai sauraro ba zai gane ta ba, ba laifi ba ce. Lauyoyi su ci gaba da ja.

Ni ma'aunina mai sauƙi ne. In daƙiƙa huɗun ba komai ba ce, a cire ta mana. A saki waƙar babu ita. Ba za su yarda ba, domin sun san ita ce waƙar. Mai waakye ba ta barin ka ɗebi shito kyauta don ka ce cokali ɗaya ne, ta san shi ke jawo mata layi.

"Yara ne, ba su san doka ba"

Sun sani sarai. Ka tambayi kowane furodusa a Nima ko Aboabo me ya sa ba ya yanko sautin Burna Boy ko na Beyoncé. Zai gaya maka kafin gari ya waye na'urar YouTube ta gano, ko a sauke waƙar ko kuɗin tallan ya koma aljihun kamfani. Na'urar nan tana da kundin sautukan da manyan kamfanoni suka zuba mata, tana gwada duk abin da aka ɗora da su. Kaset ɗin tsohuwar ba ya cikin kundin. Ba ta da kamfani, ba ta da lauya, magajiyarta tana bakin murhu tun asuba.

Saboda haka zaɓen sautin ba jahilci ba ne. An duba wanda ke da mai gadi an kauce masa, an duba wanda ba shi da shi an shiga.

"Su ma sun sace namu"

Wannan gaskiya ce, kuma mai ɗaci. Solomon Linda ya naɗi Mbube a Johannesburg a 1939, waƙar ta tsallaka teku ta sauya suna, ta shiga har fim ɗin Disney, shi kuwa ya mutu a 1962 ba shi da komai. Sai a 2006 iyalinsa suka samu sulhu. Manu Dibango na Kamaru sai da ya bi Michael Jackson kafin a biya shi amshin da aka ɗauka daga Soul Makossa, sannan a 2009 ya sake komawa kotu da amshin ya ɓullo a waƙar Rihanna.

To, amma mai koko ce ta saci Mbube? Wane irin ramuwa ne Bature ya cuce ka, ka huce a kan maƙwabciyarka?

Kuma ba sai daga waje cutar ke zuwa ba. A Satumbar 2022 Kirani Ayat, ɗan Madina mai gambara da Hausa, ya fito ya ce an yi amfani da hotunan bidiyon waƙarsa Guda a tallan yawon buɗe ido na ƙasa, wanda shugaban ƙasa na lokacin ya wallafa, ba tare da an tambaye shi ba. Hukumar yawon buɗe ido ta ce ta hannun wani kamfani ta samu hotunan, daga baya aka zauna aka daidaita. Zango duk ta tsaya masa, kuma daidai ne. Yaron ya kashe kuɗinsa ya tafi arewacin Ghana ya ɗauki hotunan. Hujjar da muka kare shi da ita, ita ce dai hujjar mai koko.

Ba na son in tsawaita kan waƙoƙin finafinan Hausa da muka taso muna ji, waɗanda karin da yawa daga cikinsu daga finafinan Indiya aka kwaso shi sukutum. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

In mai abu ya ce a'a

Nan ne na fi samun saɓani da mutane, har da waɗanda suka yarda a biya. Suna ganin da zarar an ajiye kuɗi magana ta ƙare. Ni ban ga haka ba.

A ƙarshen 1999 Jay-Z ya yi waƙa tare da UGK, wasu mawaƙa biyu 'yan Texas, Bun B da Pimp C. Sunanta Big Pimpin', Timbaland ya haɗa kiɗan. Sarewar da ke ɗauke da waƙar daga farko har ƙarshe daga Masar ta fito, daga Khosara Khosara, wadda Baligh Hamdi ya tsara, Abdel Halim Hafez ya rera a 1957. Timbaland ya ce ya ɗauka kiɗan ba shi da mai shi. Da kamfanin EMI ya taso, sai ya biya dala 100,000 a 2001, aka ba shi izini.

A 2007 ɗan ɗan'uwan Baligh Hamdi, Osama Fahmy, ya kai ƙara a Amurka. Cikin kukansa har da cewa an ɗauki kiɗan waƙar soyayya an ɗora masa baitocin batsa da wulaƙanta mata, kuma a dokar Masar iyalan mai waƙa suna da ikon hana a ɓata aikinsa ko da an sayar da haƙƙin cin kuɗinsa. Shari'ar ta ja har 2015, alƙaliya a Los Angeles ta ce ba shi da hurumin ƙara, domin haƙƙin kuɗin ya riga ya bar hannunsa, shi kuma wancan haƙƙin na mutunci dokar Amurka ba ta san da shi ba a irin wannan hali. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar.

A doka Jay-Z ya yi nasara. Ni dai har yau ina ganin mutumin Masar yana da magana. Kowa a Zango zai gane abin da ke cin ransa ba tare da an yi masa bayani ba. Da yawa cikin zabiyoyinmu sun ajiye waƙa da girma ya zo, sun sauke farali, sun koma islamiyya. Wata ma kafin ta rasu ta roƙi 'ya'yanta kada a ƙara kunna kaset ɗinta. Sai ga jikokinta suna tafiya makaranta suna jin muryar kakarsu tana amsa wa wani yaro da ke lissafa 'yan matan da ya yaudara. Sidi nawa za a ba su? Waƙar yaran unguwarmu ba ta kai ta Jay-Z ƙazanta ba, amma akwai baiti biyu a ciki da ni kaina ba zan so in ji muryar mahaifiyata a bayansu ba.

Dokarmu a nan ta fi ta Amurka kusa da mu. Act 690 ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin ƙin duk wani sauyi da zai zubar masa da mutunci, kuma wannan haƙƙin ba ya ƙarewa da shekaru.

Akwai kuma masu tambaya, a hana su, su yi gaban kansu. A Fabrairun 2024 Kanye West da Ty Dolla Sign, da suka haɗu a matsayin mawaƙa biyu, suka fitar da Vultures 1. Sun nemi izinin magadan Donna Summer kan waƙarta I Feel Love ta 1977, magada suka ce ba su yarda ba. Sai suka sa aka sake rera karin da wata murya mai kama da tata, suka saki abinsu. Aka sauke waƙar daga manhajojin sauraro, mijin marigayiyar ya kai ƙara, a watan Yuni aka yi sulhu. Wannan ya fi na wanda bai tambaya ba muni. Ka yi sallama, an ce kada ka shigo, ka zaga ta taga.

Za a ce ai wani magajin taurin kai ne da shi kawai, ko kwaɗayi, ko bai fahimci kiɗa ba. Akwai irinsu. Za a rasa wasu waƙoƙi masu daɗi saboda su, na yarda. Amma iznin da dole sai an ba ka shi, ai ba izini ba ne, sanarwa ce.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Tsarin neman izini kamar yadda yake a duniya yau na masu kuɗi ne. Tun 1991, da wani alƙali a New York ya yanke wa Biz Markie hukunci kan sautin Gilbert O'Sullivan, har ya buɗe hukuncin da dokar Attaura ta hana sata, kamfanoni suka tsorata, farashi ya tashi. Irin kundin da ake haɗawa da gutsattsarin sautuka barkatai ya zama sai mai lauyoyi. De La Soul, waɗanda suka yi fice da irin wannan aiki, sai a Maris na 2023 tsofaffin kundayensu suka hau manhajojin sauraro, bayan shekaru ana warware rikicin kwangila da na izini. Ɗaya daga cikinsu ya rasu makonni kaɗan kafin ranar.

A nan gida matsalar ta wani gefen ce: wa za ka tambaya? Kaset babu tambari, wanda ya naɗa ya rasu, shagon da ya buga ya koma na sayar da waya. Ƙungiyar GHAMRO tana nan don karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, amma ba ta san da zaman zabiyar da ba ta taɓa cike fom ba, kuma 'ya'yanta na rajista ma kullum cikin kukan ƙarancin abin da ke iso musu suke.

Ga kuma batun kayan gargajiya. Da Paul Simon ya yi amfani da karin Yaa Amponsah, tsohuwar waƙar highlife, a kundinsa na 1990, ya aiko da kuɗi Ghana, mutumin kirki. Da aka bincika aka ce karin ya girmi waɗanda suka fara naɗarsa a 1928, na al'umma ne, sai kuɗin ya tafi hannun gwamnati, daga nan hukumar kula da kayan gargajiya ta samu ƙafa. Dokar 2005 ta ce irin waɗannan kayan suna hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son cin kuɗi da su sai ya nemi izini ya biya, har da ɗan ƙasa. Farfesa John Collins, masanin kiɗan Ghana, ya daɗe yana sukar wannan, kuma ina bayansa. A ce yarinyar Sabon Zango ta nemi izinin ofis kafin ta naɗi waƙar gaɗar da kakarta ta koya mata, wannan ba kare al'ada ba ne.

Duk na yarda da waɗannan. Sai dai ko ɗaya bai shafi yaran unguwarmu ba. Waƙar da suka yanko ba ta gaɗa ba ce, an san wadda ta yi ta. Gidan magajiyarta lungu uku ne daga situdiyon. A Zango neman magajin mutum tambaya ɗaya ce ga kowace tsohuwa da ke zaune ƙofar gida. Kuma ba wanda ya ce su kawo dala dubu ɗari. Da sun je da goro da babban mutum ɗaya, suka ce Mma ga abin da muke so mu yi, ga baitocin ki ji, za mu sa sunan Hajiya, in Allah Ya kawo wani abu kashi goma ko ashirin cikin ɗari naku ne, ina kyautata zaton da addu'a za ta sallame su. Talaucinmu ya hana mu lauya, amma bai hana mu tafiya lungu uku ba.

Takarda tsakanin abokai

Wanda bai rubuta da baƙo ba, da wuya ya rubuta da abokinsa. Ka tara mawaƙa biyu da suka taso tare, da baƙon da aka gayyato, da furodusa, ka tambaye su kashi nawa kowa yake da shi a waƙar da suka saki, za ka ji amsa huɗu. Mai amshi yana ganin shi ne waƙar. Mai baiti yana ganin shi ya rubuta. Furodusa an ba shi sidi ɗari biyu da kuɗin data, yana ganin kafin alƙalami ne, su kuma suna ganin sun saya. Asusun da aka ɗora waƙar da shi kuwa na mutum ɗaya ne, lambar MoMo ɗinsa ta karɓar kuɗi a waya ce a ciki. Muddin waƙar ba ta kawo komai ba, zumunci lafiya lau.

In ka ce a rubuta, sai a ce haba, ai mu 'yan'uwa ne, ba ka yarda da ni ba ke nan? Abin mamaki, mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Ba ga maƙiya aka saukar da ita ba, ga muminai ne a tsakaninsu.

Labarin Obrafour yana da kashi na biyu, kuma shi ya fi kamata yaranmu su riƙe. Da aka ji dala miliyan 10, sai Mantse Aryeequaye, wanda aka fi sani da bikin Chale Wote, ya fito ya ce muryar da Drake ya yanko tasa ce, kalmomin nasa ne, bai taɓa sallama wa kowa su ba. Hammer, wanda ya haɗa kiɗan, shi ma yana da nasa bayanin. Mutum uku da suka yi aiki a situdiyo ɗaya a 2003, shekara ashirin bayan nan suna musu a rediyo da intanet kan wa ke da 'yan daƙiƙu, har magana ta kai kotu a nan Accra. Duk lauyan da ke kare wanda ake ƙara, babu abin da ya fi so kamar ya ga masu ƙara ba su daidaita kan wane ne mai kayan ba.

Ba wata doguwar takarda ake buƙata ba. Shafi ɗaya ya isa: sunan waƙa, kwanan wata, wa ya rubuta me, wa ya haɗa kiɗa, sautin wa aka yanko kuma wa ya ba da izini, kashi nawa kowa zai ɗauka, sa hannu da shaidu biyu. Kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Mai hali ya kai ofishin haƙƙin mallaka a yi rajista don ta zama hujja. A yi ta a daren da aka gama naɗa, tun ana dariya, kafin a ɗora waƙar a ko'ina.

Kuma a sa kowa a ciki, har abokin da ya leƙo situdiyo ya yi ihun kalma biyu a farkon waƙa ya tafi abinsa, domin a waƙar Obrafour irin wannan gurbin Drake ya yanko.